Abin da ke Cikin Tankin Gwaggo

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kowa ya yi bisimilla a zuciyarsa. Ke Zinatu, in kin san kuka za ki yi, tashi tun yanzu ki koma wajen Inna.

Kun san jar motar kwana-kwanan nan ta Kwarin Maje, wadda ake kira Gwaggo. Kuna ganinta tana ƙyalli a gaban ofishin hakimi, kuna zaton haka take tun asali. To, shekara talatin da shida ta yi a yashe, kaji na saka ƙwai a kan kujerarta.

Tun zamanin En'e aka kawo ta, lokacin da auduga ke cika sito har rufi. A jirgin ƙasa ta zo, gari ya fita kallo. Ba ta da jiniya, sai ƙararrawar tagulla a gefen direba, da igiya ake kaɗa ta. Ba a tayar da ita da makulli, sai an soka mata ƙarfe a hanci an murɗa. Mutum huɗu ke aiki da ita, shugabansu wani tsohon soja, Kofur Barau. Ta kashe gobarar siton auduga, ta kashe ta unguwar masaƙa. Gobarar kasuwa ce fitarta ta ƙarshe. Ta dawo da la'asar, aka ajiye ta bayan ofis. Washegari aka murɗa, aka murɗa, ta ƙi tashi. Daga nan aka manta da ita.

Wanda ya tashe ta sunansa Sallau, bakanike ne a bakin tasha, ya ba hamsin baya. Yana da ƙanwa guda, Jummala. Wata rana risho ya fashe a ɗakinta, wuta ta kama ƙofa. Aka buga waya birni. Motar birni ta iso bayan awa biyu, ta tarar da toka. Sallau na cikin masu gudu da bokiti, yana jin muryar ƙanwarsa har ta daina.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Zai zauna cin tuwo, ya miƙe da loma a hannu. Zai kwanta, ya tashi ya zagaya tsakar gida. Bayan sadakar arba'in ya tafi wurin hakimi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni Gwaggo."

Hakimi ya dube shi da tausayi. "Sallau, wannan ai gawa ce."

"A ba ni gawar."

Aka ba shi. Tarakta ce ta jawo ta zuwa gareji, tana gurnani kamar za ta mutu. Direban taraktar ya sauko yana sharce zufa. "Me kuka loda mata? Ai ko tifa cike da yashi ba ta kai wannan nauyi ba." Aka yi dariya aka watse.

Wata biyar Sallau ya yi a kanta. Ya kwance inji ɗaiɗai, ya jiƙa fistan a kananzir. Ya samo tayoyi a jikin wata tsohuwar tifa. Abin da babu a kasuwa ya zana a ƙasa, maƙera suka ƙera masa. Dukawa suka ɗinka sabuwar kujera. Matarsa Lantana ta goge ƙararrawar da toka da lemon tsami har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Da bazara ta shigo, ya murɗa ƙarfen nan, Gwaggo ta yi tari uku, ta tashi. Baƙin hayaƙi ya rufe tasha, mutane na ta kabbara.

Saura tanki.

Murfin sama ya haɗe da tsatsa. Bawul ɗin da ke baya, wanda ruwa ke fita ta cikinsa, ya ƙi motsi ko da babbar sifana. Kuma akwai abin da Sallau bai gaya wa kowa ba. Zafin bazara kun san shi, ƙarfe ba ya taɓuwa. Amma tankin nan kullum sanyi ƙalau, har raɓa yake yi. Ƙadangaru na hawa ko'ina a jikin motar, ban da shi. In gari ya yi shiru, Sallau ya kan kara kunne. Sai ya ji ruwa na motsi a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Motar kuwa a tsaye take.

Ya ce a ransa tsohon ruwa ne. Ya yanke shawarar fasa murfin da wutar walda.

Ranar Laraba ce, rana ta take tsaka. Tasha ta mutu, kowa ya shige inuwa. Ko akuya ba ta kuka. Sallau ya hau saman tankin, ya kunna wuta, ta yi shuɗi. Ya sunkuya.

"Salamu alaikum."

Muryar ba daga gabansa ta zo ba, ba daga bayansa ba. Kamar wanda ke magana daga ƙasan rijiya.

Ya amsa, ya leƙa. Wani dattijo ne tsaye a gindin motar, dogo, siriri, da farar riga da ta yi kore a ƙasa. Bai ɗago kai ba.

"Kashe wutar nan."

"Baba, aiki nake yi."

"Kashe ta."

Wutar ta mutu da kanta.

Sallau ya sauko a hankali. Wani wari ya buge shi, warin laka da gansakuka. Ya sauke ido ƙasa don girmamawa, a nan ya ga ƙafafun. Jiƙe suke sharkaf. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma inda dattijon ya taka ruwa ne kwance, bai bushe ba. Sawun kuma ya miƙe tun daga bakin hanya, yatsu na duban inda ya fito, duga-dugai na duban mota.

Sallau ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa. Dattijon ya jira har ya kai ƙarshe.

"Ka tsallake kalma ɗaya," in ji shi. "Kada ka ji tsoro. Mu ma muna salla."

"Me kake so?"

"'Yata na ciki."

Sallau ya juya ya dubi tankin.

"Mu mutanen Tafkin Giginya ne. Ranar da kasuwarku ta ƙone, aka jefa mana mesa ba sallama. Tana wasa a bakin ruwa. Aka zuƙe ta. Aka rufe." Ya ɗora tafin hannu a jikin tankin, ruwan ciki ya buga da ƙarfi, sau ɗaya. "Shekararta bakwai a lokacin."

"Me ya hana ku fitar da ita?"

"Hannun mutum ya rufe ƙarfen. Hannun mutum zai buɗe. Mun je wa mutum uku a garin nan. Biyu sun bar gari. Na ukun yana yawo a kasuwa ba riga."

Sallau ya san mahaukacin. Kowa ya san shi.

"Da ka sa mata wuta, da ta ƙone. Da ta ƙone, da ba a bar ko danga a tsaye a garin nan ba. Gobe war haka ka kawo ta tafki. Kai kaɗai. Ka buɗe ta baya. Kada ka kalli abin da zai fito."

Wata babbar mota ta yi ham a kan titi. Sallau ya waiga. Da ya juyo, sai sawun ruwa.

Bai tsaya rufe gareji ba. Kai tsaye ya nufi gidan Baba Cindo, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin 'yan kwana-kwanan nan huɗu. Ya tsufa, ya makance, yana zaune a zaure yana jan carbi. Sallau ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce:

"Baba, ranar gobarar kasuwa, wa ya jefa mesa a Tafkin Giginya?"

Carbin ya tsaya.

"Sun zo maka ke nan."

"Sun zo."

Tsohon ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Kofur Barau yana da ƙa'ida. In mun je ɗibar ruwa, sai ya yi sallama sau uku, ya jira, sannan a saka mesa. Muna yi masa dariya a ɓoye. Ranar nan yana kwance da zazzaɓi. Ni na ja motar. Ɗana, mutane ke ƙonewa. Mata na ihu a rumfar 'yan atamfa. Ina na ga lokacin sallama? Na jefa, na cika tanki, na koma."

"Sai me?"

"Muka yi ta feshi har wuta ta lafa. Ruwa ya kusa ƙarewa, ina tsaye a baya, sai na ji murya a cikin tanki. Ta yarinya. Tana kiran babanta." Tsohon ya sauke murya. "Na ga wani abu kamar yatsu a bakin bawul. Tsoro ya kama ni. Na murɗe shi da dukkan ƙarfina. Na tafi gida ban gaya wa kowa ba."

"Shekara talatin da shida, Baba."

"Na san lissafin. Kullum ina yi." Ya lalubo hannun Sallau ya riƙe. "In ka je, ka ce mata ta yafe mini."

Lantana kuwa da ta ji, tsayawa ta yi a bakin ƙofa ta tare hanya. "Ba inda za ka. An ɗauke Jummala, kai ma so kake a kawo mini labarinka? Ka mayar musu da motarsu bayan ofis."

"Na ji ta, Lantana. Wata biyar ina jin ta, ina cewa ruwa ne."

"To ka tafi da liman."

"An ce ni kaɗai."

Ta yi kuka, ta yi faɗa. Da safe ita ce ta tofa addu'a a ruwa ta ba shi ya sha, ta shafa masa saura a fuska.

Da hantsi ya ɗaga, ya murɗa Gwaggo, ta tashi a bugu ɗaya. Ya ɗauki babbar sifana da dogon bututun ƙarfe da galan ɗin kananzir. Ya bi ta bayan makabarta, ya sauka hanyar burtali. Motar na tafiya da ƙyar. Duk ramin da ta faɗa, sai ya ji an buga tankin daga ciki, daidai bayan kansa.

Da ya wuce gonakin ƙarshe, tsuntsaye suka yi shiru. Kujerar da ke gefensa ta lotsa, kamar an zauna. Warin laka ya cika motar. Bai juya ba. Ƙararrawar ta kaɗa sau ɗaya, igiyar kuwa ba wanda ya taɓa ta.

Tafkin ya ja baya saboda bazara, sai baƙin ruwa a tsakiya da giginyu a jere. Ya juya motar, ya yi baya-baya har tayoyi suka taɓa laka. Ya bar injin a kunne. Ya sauka, ya fuskanci ruwa, ya yi sallama sau uku.

A ta uku aka amsa. Muryoyi da yawa, ƙasa-ƙasa.

Ya durƙusa a gindin bawul, idonsa a ƙasa. Ya zuba kananzir. Ya sa sifana, ya zura mata bututu, ya danna. Ko gezau. Ya sake. Ta gefen ido yana ganin laka na lotsawa, sawu na bayyana ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, har suka kewaye shi. Zufa na shiga idonsa. Ya hau bututun da ƙafa biyu, ya yi bisimilla, ya saki nauyinsa duka.

Ƙarfen ya yi ƙara kamar an taka kare. Ya juya.

Ruwa ya fara zuba, baƙi, mai sanyin ƙanƙara. Ya zuba, ya zuba, fiye da abin da tanki zai iya ɗauka. Sallau ya runtse ido, hannunsa na dama na kan bawul. Sai ya ji wani abu mai santsi na wucewa ta kan yatsunsa. Gashi ne. Ya daɗe yana wucewa.

Sai aka kama wuyan hannunsa.

"Wa ya rufe?"

Ba muryar yarinya ba ce. Muryar mace ce babba, a dishe, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi magana da kowa ba.

"Baiwar Allah, ni buɗewa na zo yi."

"Na ji hannunka. Ba shi ba ne. Wa ya rufe?"

"Wanda ya rufe ya aiko ni. Ya ce ki yafe masa. Tsoro ne ya kama shi."

"Sunansa."

Sallau ya ƙi faɗa. Aka ja shi. Laka ta kai masa idon sawu, ruwa ya kai gwiwa. Sanyin hannun nan ya ratsa shi har kafaɗa. Sunan na kan harshensa, gaɓa biyu kacal. Ya san in ya faɗa za a sake shi. Ya kuma san zauren da za a nufa, da jikokin da ke wasa a ƙofarsa.

"Na kira babana har muryata ta mutu," in ji ta. "Wanda ya rufe yana jina. Ya murɗe."

"Ya yi laifi. Ba zan ce bai yi ba." Ruwa ya kai masa ƙugu. "Ni ma na ji tawa ƙanwar tana kira a bayan ƙofa, ban iya buɗewa ba. Shi ya sa na zo. Amma suna, ba zan faɗa ba."

"To kai za ka zauna a madadinsa."

Ruwa ya kai ƙirji. Sallau ya fara kalmar shahada.

"Sake shi."

Muryar dattijon ce, daga ƙasan ruwa.

"Baba..."

"Shi ya buɗe. Uwarki na jira. Sake shi."

An daɗe. Sannan yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Sallau ya ja da baya da rarrafe, har yanzu idonsa a rufe, har bayansa ya bugi taya. Haƙoransa na haɗuwa. Amma bai gudu ba tukuna. Ya ce:

"Baba, gari na bukatar ruwa. In wuta ta tashi, ina za mu ɗiba?"

"Ku zo ku biyu ko fiye. Ku yi sallama, ku jira a amsa." Muryar ta yi nisa. "Hannun da ta riƙe, mun bar maka shi. Tafi. Kada ka waiga."

Ya faɗa mota ya taka totur. Gwaggo da ta zo tana jan ciki, ta koma kamar ba ta taɓa ƙasa. Bai san ya iso ba sai da ya ga Lantana a bakin makabarta, tsaye cikin rana ba takalmi.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Da ya tashi, hannunsa na dama ya ƙi ɗumi. Ko ya kwana a bakin murhu, sanyi ƙalau. Wata rana a gareji ya ɗauki ƙarfen da aka gama yi wa walda, ya yi jawur, bai sani ba sai da mutane suka yi salati. Ko tabo babu.

Ya koma wurin Baba Cindo. Tsohon ya ji takunsa, ya ce, "Ta yafe?"

Sallau ya so ya yi masa ƙarya, ya kasa. "Ba ta ce ba, Baba. Amma ba ta san sunanka ba."

Tsohon ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Da damina ta faɗi ya rasu a kan gadonsa, lafiya lau, aka yi masa sutura.

Aka wanke tanki, aka yi wa Gwaggo sabon fenti. Matasa shida suka koyi aiki da ita. Shekarar da ta biyo baya wuta ta kama gidan burodi, da ma'aikata uku a ciki, ƙofar ƙarfe ta yi jawur. Sallau ya kama ta da hannun nan ya fizge. Duka ukun suna raye, ɗaya ma kun san shi, shi ke kawo mana burodi da safe. Sai dai har yau Sallau ba ya ɗaukar jariri. In ya taɓa shi da hannun, sai yaron ya ƙwalla ƙara. Jikarsa ta fari, da hagu ya shafa mata kai.

Ita kuwa 'yar tafkin ba ta haƙura ba. Masu kiwo sun sha faɗa. In mutum ya bi hanyar burtali shi kaɗai da rana tsaka, daidai giginyun nan, zai ji mace ta yi masa sallama da dusasshiyar murya. In ya amsa, sai ta ce tambaya ɗaya gare ta. Wanda bai san amsa ba, ta kan ƙyale shi ya wuce.

Ku kuwa yanzu kun sani. Jikokin Baba Cindo kuma ajinku ɗaya da su.

Saboda haka ko an aike ku, ko akuya ce ta ɓata, kada wanda ya bi hanyar Tafkin Giginya shi kaɗai. In kuma tsautsayi ya kai ku, aka yi muku sallama, ku amsa a zuci, ku riƙe bakinku, ku yi ta tafiya.

Zinatu, saki hannuna haka nan. Ku tashi mu shiga ciki.